Usur a Bakin Nuhu Turmi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sukukutane ya san Nuhu Turmi. In bai san sunansa ba ya san wuyansa, domin shi ake fara hangowa kafin mai shi ya iso. Yanzu dai amalanke yake kora da wani sa tsoho mai ƙaho ɗaya, yana ɗaukar wa mutane kara da bulo da buhunan hatsi, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Amma ku tambayi matan nan da yau ba su da haƙori ko ɗaya a baki, za su gaya muku an yi shekarun da in aka ce Nuhu zai shiga fili, tuwo kan ƙone a gidaje da yawa.

Ɗan kokowa ne. Makaɗinsa Idi ne ya sa masa Turmi, wai don ana iya dukansa, ana iya zagaya shi, amma ba a ɗaga shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kā da ƙarti daga nan har Tibiri, bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, maza suka ƙoshi suka rasa inda za su kai ƙarfinsu. Sau ɗaya aka ɗauke shi zuwa Dosso wajen zaɓen waɗanda za su je neman takobi, kyautar zakaran kokowa na ƙasa. Can wani siririn Bazabarme, wanda Nuhu ya raina tun daga nesa, ya shige ƙarƙashinsa ya murɗe masa gwiwa. A bayan mota aka dawo da shi kwance. Har yau in yana ba da labarin, rairayin Dosso ne mai laifi.

Ubansa bai taɓa zuwa kallonsa ba, ko kuma dai bai taɓa bari an gan shi yana kallo ba. Nuhu ɗan fari ne, ɗan fari kuwa kunyarsa ake ji. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya yabonsa, ba ya haɗa ido da shi gaban jama'a. In aka ce maka ɗanka ya yi abin kirki, sai ka duƙar da kai kamar maganar ɗan maƙwabci ake yi, kada a ce ka cika zumuɗin abin da ka haifa. Haihuwar dai an yi ta ba a ji kunya ba, kiran suna ne ya zama aiki. Ranar da aka sauke Nuhu daga motar Dosso, tsohon ya tsaya bakin zaure ya dubi bango ya ce, "A ba shi hura." Nuhu ya sha furar, ya kuma riƙe a ransa cewa aikin uba ke nan, ba ragi ba ƙari.

Da gwiwa ta ƙi komawa daidai sai ya yi aure. Ya ɗauko Sa'adatu, doguwa siririya, wadda bakinta ya fi jikinta nauyi. Ta haifa masa namiji. Ranar suna ƙanensa ya tura ya gaya wa liman a sa wa yaron Salman, shi kuwa yana gona wai yana duba wake, alhali an rore waken tun mako biyu. Daga ranar yaron ya zama "wancan" in yana nesa, "kai" in yana kusa. Ita ma Sa'adatu ba ta kiran sunan, sai dai mace ba ta rasa dabara: ta laƙaba masa Dogo, tana kiransa da shi safe da yamma, tana tura masa man shanu ƙarƙashin tuwo inda ido ba ya gani. Bayan shekara uku aka haifi Bilal. Wannan ba kunya a kansa, sai Nuhu ya juye masa duk abin da ya tara. A wuya yake yawo da shi, kasuwa, masallaci, bakin rijiya. Gari duka ya koma kiransa Baban Bilal. Salman na biye a ƙasa, riƙe da takalman ƙanensa.

Mutumin da aka hana shiga fili ba ya iya barin bakin fili. Nuhu ya share wani wuri mai rairayi bayan lakkwal, makarantar bokon garin, yana tara yaran unguwa da la'asar yana koya musu kamu da taɗiya da yadda ake sauke ƙugu. Kowane yaro yana da sunansa a bakin Nuhu, har da kirari. Ɗan mahauci ya zama Zakin Bayan Kasuwa, wani mai majina har haɓa ya zama Guguwa. Dokarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta: namiji ba ya kai gwiwarsa ƙasa da kansa, sai dai a kai masa. Wanda ya yi kuka kuwa a ce ya tafi gida ya taya uwarsa daka.

Salman yana ɗan shekara tara ya zo ya tsaya cikin layi, ba wanda ya kira shi, ba wanda ya kore shi. Jikin uwarsa ya ɗauko, dogayen ƙafafu, haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa. Nuhu ya dube shi ta wutsiyar ido ya ce a ransa wannan iska ma ta ishe shi. Ashe ƙafafun nan da ake wa dariya kamar igiya suke. Kafin shekara uku, duk yaron da ya kuskura ya matso sai ya tsinci kansa yana kallon sama, bai san lokacin da aka naɗe masa ƙafa ba. Nuhu ya yi shekara talatin a harkar, bai taɓa ganin taɗiya irin wannan ba. Wa zai gaya wa? Sai in ya fita daji da amalanke, ya waiga gabas da yamma, sannan ya ce da sa, "Ka ga abin da yaron ga ya yi jiya?" Sa ya kaɗa kunne.

A fili kuwa ta bakin wasu yake koya masa. "Bilal, gaya ma wancan shi sauke ƙugu." "Guguwa, ce ma na kusa da kai shi daina buɗe hammata." In zai nuna sabon kaye, Salman yake jawowa, tunda ba za a ce ya wahalar da ɗan wani ba. Ya ɗaga shi ya maka da ƙasa fiye da yadda zai maka kowa. A duk rayuwarsu nan ne kawai hannun Nuhu ke taɓa jikin ɗansa. Yakan ɗan jinkirta kafin ya sake shi, ƙirji na kan ƙirji, yana jin bugun zuciyar yaron da warin zufarsa. Shi yaron abin da ya sani kawai shi ne rairayi a baki.

Idi makaɗi, wanda ya tsufa tare da gangarsa, ya gaji da gani. Wata rana suna zaune kan amalanke ya ce, "Turmi, wai bakinka za ya ruɓe in ka ce ma yaron ga sannu?"

"Ni uban wa ya ce min sannu? Ga ni kuwa, ban mutu ba."

"Ba ka mutu ba, amma da sa kake hira."

"Kai dai buga gangarka. Na ga ƴan zamani masu ɗage wando suna rungume ɗiyan fari cikin kasuwa, suna ɗaukar hoto da su cikin salula. In shi kake so in yi, sai ka jira in haukace."

Shekarar da Salman ya cika goma sha bakwai, aka aiko cewa samarin Tibiri za su zo ranar kasuwa a gwada, waɗanda suka yi fice a kai su Dogon Dutsi. Saura kwana shida, ana jefa dammunan hatsi cikin rumbu, wani dami ya kuɓuce daga sama. Salman ya tare shi da hannun hagu. Ya ci gaba da aiki da dama. Nuhu na kan rumbu, ya ga yadda kafaɗar ta ja baya, ya kuma ga yadda yaron ya ciji leɓe. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta jikin maza ba ya buƙatar a gaya masa.

Washegari Sa'adatu ta tare shi yana ɗaura wa sa igiya.

"Baban Bilal, Dogo ba shi iya ɗaga hannu ko riga shi sa. Ni na sa mishi ita yau da safe kamar jariri."

"To mi kike so in yi?"

"In kai ka ce kada shi shiga, ba shi shiga. Ni na faɗa, ya yi min dariya. Maganarka ɗai yake jira, tun yana rarrafe ita yake jira."

Nuhu ya yini yana juya maganar. Abin da ke ransa mai sauƙi ne: zauna bana, baɗi na nan, ƙafafunka ba inda za su. Ya tsara ta, ya gyara ta, ya gwada ta a daji. Da la'asar ya tarar da Salman bakin randa yana shan ruwa, Bilal na gefe. Ya buɗe baki, sai ya ga maƙwabta biyu zaune cikin zaure suna jinsa. Abin da ya fito shi ne, "Bilal, gaya ma wancan in ba shi iyawa shi zauna gida wurin mata." Salman ya ajiye moɗa a hankali ya fita. Nuhu ya shiga ɗaki yana gaya wa kansa cewa ai ya ba shi izinin zama.

Ranar kasuwa aka kewaye fili da buhunan rairayi, aka kafa rumfa ta manya. Ƴan Tibiri suka iso a bayan wata tsohuwar mota, suna ta kirari tun daga bakin gari kamar sun zo karɓar amarya. Alƙalin wasa da aka ce zai zo daga Dogon Dutsi kuwa, babur ɗinsa ya nutse cikin rairayi a hanya, ya kira ya ce a fara ba shi. Manya suka dubi juna. Wa ya fi Turmi sanin wasan? Ƴan Tibiri ma suka yarda, suka ce sun san shi, ba ya cuta. Aka rataya masa usur a wuya, igiyar da ƙyar ta zagaya.

Ya yi alƙalanci mai kyau, a ba shi wannan. Yaro na biyu da ya shiga, ɗan Tibiri, ya haɓo, Nuhu ya busa usur ya raba su, ya sa aka wanke masa hanci. Guguwa ya gurɗe yatsa, Nuhu ya busa, ya kama yatsan da kansa ya ja har ya koma, yana ce masa, "Haba Guguwa, jarumina, ba komi." Mata na ta guɗa, Idi na ta zuba kirari, masu ƙosai na ciniki.

Sai aka kira Salman da wani Mus'ab na Tibiri, gajere mai faɗi, wanda aka ce a gidan mai sayar da siminti yake aikin lodi. Salman ya shigo da walki, hannun hagu manne da ciki kamar yana ɓoye wani abu. Ba a yi minti ɗaya ba ya jefa ƙafa ya naɗe ta Mus'ab, ƙaton ya yi tangal-tangal, fili ya ɗauki ihu. Da da hannu biyu ne da an gama. Amma taɗiya sai da turi, hannu ɗaya kuwa bai isa tura wannan buhun siminti ba. Mus'ab ya tsaya da ƙafafunsa, ya kuma gane inda ciwon yake. Ba mugu ba ne, ɗan kokowa ne, an koya masa ya nemi inda ya yi laushi. Ya cafko hannun hagun, ya sa shi ƙarƙashin hammatarsa ya datse, ya fara dannawa ƙasa.

Kowa ya san abin da ake yi a nan. Ka saki jiki, gwiwa ta taɓa ƙasa, an kā da kai, ka tashi ka kaɗe rairayi ka jira wata shekara. Salman ya ƙi. Ya buɗe ƙafafu ya kafe. Mus'ab ya ƙara dannawa, shi kansa yana cewa, "Sauka mana, sauka!"

Nuhu na tsaye taku uku daga gare su, usur a baki. Yana ganin kan ƙashin kafaɗar yana turo fata inda bai kamata ba. Da ɗan kowa ne da tuni ya busa, yau ma ya yi haka sau biyu. Numfashin ya taru a ƙirjinsa. Sai ya ji rumfar manya a bayansa, ya ji ƴan Tibiri da suka ce ba ya cuta, ya ji abin da za a faɗa gobe bakin rijiya: Turmi ya ga ɗan farinsa za ya faɗi ya busa usur, tsoho da shi bai da kunya. Ya ce a ransa bari ya ƙirga uku, yaron zai sauka da kansa.

Salman ya ɗago kai daga ƙarƙashin hammatar Mus'ab ya dube shi. Ido cikin ido, gaban mutane sun fi ɗari biyar. Nuhu bai yi shawara da kowa ba, wuyan nan ne ya yi abin da ya saba shekara goma sha bakwai: ya juya gefe.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Amma Idi ya ji ta a cikin kiɗa, ya ɗauke hannu daga ganga. Mus'ab ya saki da kansa ya ja baya, yana duba tafin hannunsa. Salman na tsaye, gwiwoyinsa ba rairayi ko ƙwaya, hannun hagu na reto kamar ba nasa ba. A lokacin ne usur ya yi ƙara.

Abin da ya biyo baya shi ya fi cin Nuhu har yau. Yabo aka yi ta yi masa. Manya suka taso daga rumfa suna ba shi hannu. Wani tsoho daga Tibiri ya ce bai taɓa ganin alƙali mai gaskiya irinsa ba, ɗansa na karyewa ko gezau. Samari suka ɗauki Salman suna kiransa namiji ɗan namiji. Nuhu ya yi ta karɓar hannu yana duƙar da kai. Idi ne kaɗai ya rataya gangarsa ya wuce ta gabansa bai ce uffan ba, Idin da ko a jana'iza sai an roƙe shi ya yi shiru.

Maɗori aka fara kira, ya ja, ya ɗaure da karare da tsumma. Mako uku Salman na kwance a ɗakin uwarsa. Nuhu bai shiga ba. Yakan zo bakin ƙofa ya tsaya yana gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta, ya tambayi Sa'adatu, "An ci abinci cikin ɗakin ga?" Ita kuwa ta daina amsa masa. Matar da bakinta bai taɓa hutawa ba ta koma ajiye masa tuwo kamar ana ajiye wa baƙo.

Da aka kwance ɗauri, yatsun ba sa motsi. Aka ɗauke shi zuwa likita a Dogon Dutsi, Nuhu da Sa'adatu da shi. Aka ɗauki hoton ƙashi. Wata ma'aikaciya mai suna Colette, mai gicciye a wuya da tabarau a kan hanci, ta fito da hoton tana kaɗa shi.

"Wa ya bar yaron ga mako uku haka? Jijiya ta mutu. Da ranar aka kawo shi da wata magana ce." Ta dubi Nuhu sama da ƙasa. "Tsoho, ɗanka ne?"

Mutane cike da baranda, kowa ya zuba ido. Salman na zaune kan benci, kansa a ƙasa.

"Na gidanmu ne," in ji Nuhu.

"Na gidanku. To akuya ma ta gidanku ce. Ina uban?"

Sa'adatu ta ce, "Madan, rubuta sunana. Ni ce uwar."

Salman bai koma Sukukutane tare da su ba. Ya ce zai zauna a garin saboda gashin da aka ce ya riƙa zuwa likita ana yi wa hannun. Gashi ya ƙare, hannu ya bushe ya rage kamar na yaro, shi dai bai dawo ba. Wani saurayi ɗan kasuwa, Abdurrahman, mai shagon kayan salula kusa da tasha, ya ɗauke shi tsaron shago. Ya koyi ɗaure waya a maƙalar ƙarfe ta kan tebur ya kwance ta da hannu ɗaya. Ya bar gemu, ya ɗage wando, ya shiga karatu wurin malaman su Abdurrahman. Labari ya iso gida cewa yana faɗin kokowa tsiraici ce da layu, ba abin da Musulmi zai tsaya kallo. Ƴan gari suka ce an juya masa kai. Da salla yakan aiko wa uwarsa atamfa, ubansa hula. Hular kullum daidai kan Nuhu take, ko yaushe ya auna oho.

Filin bayan lakkwal ya ci gaba shekara biyu, sannan yara suka koma ƙwallo. Bilal, wanda aka riƙa yawo da shi a wuya, ko sau ɗaya bai taɓa ɗaura walki ba, Lagos ya tafi yana sayar da shayi. Idi ya rasu da damina. Kwana uku kafin nan Nuhu ya je gaishe shi, ya same shi ya zama ƙashi da ido.

"Turmi, ni na sa ma sunan ga, kuma na yi nadama. Da na sani da Tulu na sa ma, ko ruwa ka riƙa zubarwa." Ya yi tari. "Tahi Dutsi ka kira yaron ga da sunanshi. Ba ka da sauran wanda za ka ji kunya, duk mun mutu."

Nuhu ya ɗauki shekara guda kafin ya tafi. A lokacin Salman ya yi aure da wata Mardiyya, har sun sami ɗa namiji ya fara zama. Ranar suna ma Sa'adatu ce ta je, Nuhu ya ce san amalanke ba lafiya. Wata safiya dai ya sa hular salla ya shiga motar kasuwa. Tafiyar rairayi ce, mota na nishi, ana sauka ana turawa. Duk hanya bakinsa na motsi, matar da ke kusa da shi ta ɗauka tasbihi yake yi har ta ce ya sa ta a addu'a. Sunan yake gwadawa. Shekara ashirin da biyar sunan na gidansa, bai san yadda yake zama a harshe ba.

Ya sami shagon da tambaya. Salman na zaune kan benci a waje, gemu har ƙirji, hannun hagu cikin aljihun riga. A hannun dama yana riƙe da jaririn, yana ɗaga shi yana saukewa, yana cewa, "Ibrahim, Ibrahim, wa ya fi ka?" a bakin titi, ƴan kabu-kabu na wucewa, ba wanda ya ko waiga. Da ya ga ubansa ya miƙe, ya rusuna, ya ba shi benci, ya aika a kawo ruwan sanyi. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi hanya. Ladabi cikakke, irin wanda ake yi wa limamin wata unguwa.

Gaisuwa ta ƙare. Salman ya juya zai shiga shago don wani mai saye ya tsaya.

"Salman."

Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda ya so, kamar ana kiran wani daga ƙetaren gona. Salman ya tsaya. Ya ce da mai sayen ya dawo an jima. Ya juyo a hankali ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, yaron a cinyarsa.

"Na'am, Baba."

Ya jira. Ba fushi a fuskarsa, jira kawai yake, kuma da gani zai iya jira har magariba. Nan Nuhu ya gane cewa duk tsawon hanya sunan kaɗai ya gwada, bai tanadi abin da zai biyo baya ba. Maganar usur na nan, da maganar likita, da ta bakin randa, duk sun cushe a wuya ɗaya, ba wadda ta ba wata hanya. Ya dubi titi. Ya dubi aljihun da hannun ke ciki. Ya miƙa hannu biyu ya ce, "Kawo abokina in gani."

Jika ba kunya a kansa, abokin wasa ne. Salman ya miƙa masa. Nuhu ya rungume yaron, ya ji ɗuminsa. Yaron ya kama masa gemu ya ja, ya yi dariya, shi ma ya yi. Sai hannuwansa suka shiga aikin da suka sani. Ya latsa ƙugu, ya murza cinya, ya miƙar da ƙafa ɗaya yana aunawa da tafin hannu.

"Kai! Dubi ƙafafu! Wanga taɗiya za ya yi. Shekara bakwai ka aiko min shi, wallahi ba mai kai gwiwarshi ƙasa daga nan har..."

Salman ya riga ya miƙe. Ya sunkuya ya zare yaron daga hannun ubansa da hannu ɗaya, a hankali, ya ɗora shi a kafaɗar dama.

"Wanga ba shi shiga fili, Baba."

"Wasa nike, ai wasa..."

"Na sani." Ya dubi rana. "Motar Sukukutane ba ta kai la'asar yanzu. In ta tashi sai gobe." Ya ɗaga murya ya kira wani ɗan kabu-kabu. "Kai Baba tasha, ka bi da shi sannu, gwiwarshi ba ta son rami."

Nuhu ya hau. Ruwan sanyin da aka aika a kawo ya iso lokacin da babur ya tashi, Salman ya karɓa ya tura masa cikin aljihu, ya ce a gaida Inna. A tasha motar ba ta cika ba, saura mutum biyu. Ya zauna gidan baya kusa da taga, gwiwa a miƙe, ledar ruwan na jiƙa masa riga. Sai bayan la'asar sosai aka sami cikon.